Lambar Maiwada

Tun ƙarfe goma Hafizu yake tsaye a shagon layukan waya da ke bakin kasuwar Gaya. Ga benci babu kowa a kai, amma ya kasa zama. Ya duba agogo, ya duba waya, ya sake duba agogon, kamar wanda ya baro tukunya a kan wuta.

Buƙatarsa ɗaya ce: ya bar kamfanin da yake ya koma wani, amma da lambarsa, kuma kafin la'asar.

Malamin gona ne. Wata biyu ke nan da aka mayar da shi wani ƙauye a Ajingi, inda layinsa ba ya kamawa sai ya hau wani suri a bayan makaranta ya ɗaga waya sama. Mutanen garin har sun raɗa wa surin suna, wai ofishin Malam. Shi ko a jikinsa, domin kullum bayan la'asar Inna tana kira daga Kademi.

Tsufa ya rikita Inna. Takan manta ta ci abinci, takan manta sunayen jikokinta, amma idonta garau yake, da kanta take zura zare a allura. Lambar waya ɗaya ce ta rage a kanta, wadda ta haddace shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma da yatsanta take danna ta ɗaya bayan ɗaya. In ka koya mata wata da safe, kafin azahar ta zube.

Ranar Litinin aka tafka ruwa, sabis ya ɗauke gaba ɗaya, har a kan surin. Inna ta kira, ta kira, bai shiga ba. Ta ture kwanon tuwo. Washegari masu dawowa daga gona suka tsince ta a hanyar Gaya, ba takalmi, wai za ta nemo ɗanta. Da sabis ya dawo, 'yarta Hanne ce ta shaida masa tana kuka.

"Don Allah, Malam Hafizu, ka yi haƙuri da mu. Mun san muna ɗora maka nauyi."

Tun daga ranar tsoro bai sake shi ba.

Afra'u, yarinyar da ke zaune a bayan kwamfuta, ta dube shi ta ce, "Malam, ga sabon layi nan take, minti biyu ka tafi abinka. Sauya kamfani da tsohuwar lamba yana cin lokaci fa."

"Wannan lambar nake so."

Ta karɓi katinsa na ɗan ƙasa, ta danna ta duba. "Shekara uku da rajista, kuma sunanka ne a kai. To, kawo yatsa."

Sai na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Taki da ƙotar fartanya sun cinye zanen yatsan, ya yi sumul. Ya danna, ta ƙi. Ya goge a riga, ta ƙi. Afra'u ta ce ya murza shi a goshi ya ɗan samu maiƙo, haka manoman garin Balan suke yi in sun zo. Ga babban mutum da hula yana ta murza goshi a gaban jama'a, gumi na tsiyaya. Ana kiran azahar na'urar ta yi fitila koriya.

Ya tura saƙon neman sauyi kamar yadda ta nuna masa. Ta miƙo sabon layi a 'yar takarda.

"Yanzu tsohon zai mutu, sannan wannan ya tashi da lambarka. Wani minti goma, wani kuma sai gobe."

"Gobe?"

Da ta ga yadda fuskarsa ta koma ta tambayi dalili, ya faɗa mata a taƙaice.

"Ayya. Mahaifiyarka ce?"

"Inna ce."

"To ai Kademi ba nisa. Hau babur ka je ta gan ka mana, ai ya fi waya."

Hafizu ya sunkuyar da kai yana goge fuskar wayar da babu ko ɗigon datti a kanta. Afra'u ta taɓe baki. A ranta ta riga ta yanke masa hukunci: irin 'ya'yan nan ne masu zumunci a waya.

Ƙarfe biyu da rabi tsohon layin ya mutu. Ya sa sabon. Shiru. Ya kashe wayar ya kunna. Ya fita bakin titi, tsakanin masu babur da 'yan adaidaita, ya ɗaga ta sama kamar yana kan surinsa. Ya dawo. Ya sake fita. Duk tsohuwar da ta gifta sai ya kalli ƙafarta.

Ya yi la'asar a masallacin gefen shagon, kuma shi kansa ya san rabin hankalinsa yana aljihu. Yana sa takalmi wayar ta yi motsi. Sabis ya cika taf. Bai gama karanta saƙon barka da zuwa ba kira ya shigo.

"Maiwada?"

"Na'am, Inna."

"Ina ka shiga? Ka ci abinci?"

"Na ci, Inna. Ke fa?"

"Yanzu zan ci, tunda na ji ka. Yaushe za ka zo?"

"Sai an cire amfanin gona, in Allah ya yarda."

"To. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Ya lumshe ido ya ce amin. Wannan addu'ar yake jira kullum, kuma bai taɓa ƙoshi da ita ba. Sai a lokacin ya zauna a kan bencin.

Afra'u, wadda ta ji komai, ta sake duba takardar da ke gabanta. Hafizu Gwadabe. Ta nemi Maiwada sama da ƙasa ba ta gani ba.

Ba za ta gani ba kuwa. Shekara huɗu ke nan da aka binne Maiwada ɗan Inna a Kademi, kamfani ya sake sayar da lambarsa ga Hafizu, kuma Hafizu, wanda tasa uwar ta rasu ranar da ta haife shi, bai taɓa ganin Inna da idonsa ba.