Maƙiyan Meshak

Meshak ya durƙusa gaban Fasto Azariya yana sharɓar kuka, wai maƙiya daga ƙauyensu sun ɗaure masa kasuwancin citta. Duk Kafanchan babu cocin da bai kai wannan ƙarar ba.

"Baba, kowa na ciniki, ni ko mudu ɗaya ban taɓa sayarwa ba!"

Fasto ya yi ta addu'a har muryarsa ta dushe. Sannan ya ɗauko man zaitun ya ce, "Tashi mu je shagon naka, in shafe ƙofar cikin sunan Yesu."

Meshak ya sosa ƙeya.

"Ai ban buɗe ba tukuna, Baba. Irinmu ko mun buɗe, wa zai saya?"