Kaza Ta Taka, Mai Fito Bai Tashi Ba

Kin ce maigidanki ya sha magani, likita ya ce jiki ya yi sauƙi, amma ko zaure ya ƙi fita. Kafin ki kira shi rago, ki saurari wannan.

An yi wani mai fito a bakin kogi, jirgi ya danne masa ƙafa ta karye. Maɗorin garin yana da wata al'ada tasa: in zai yi ɗori, sai ya karya ƙafar kaza ya ɗaure ta rana ɗaya da ta majinyacin, ranar da kaza ta taka, majinyaci ya warke ke nan. To, kaza ta taka, har ta koma tonon bola. Maɗori ya kwance karare, ya latsa ƙashi, ya ce ya haɗe sarai. Amma mai fito bai tashi ba. Yana kwance yana kallon hasken ruwa na rawa a rufin ɗaki, yana jin kamar kogin ne ya shigo yana wucewa ta kansa a hankali, muryoyin iyalinsa na zuwa masa daga can ƙetare. Tuwo ya zama yashi a bakinsa. Jirginsa na kife a gaɓa, rana na tsattsaga shi. Masu dubiya kuwa, Allah ya shirye su, kowa ya shigo ƙafar yake leƙawa, ya ce, "Haba, ai ko kaza ta tashi." Shi kuma sai ya juya ya fuskanci bango, kunya ta hau kan baƙin ciki.

Ana nan sai yayarsa ta zo daga wani gari. Ba ta san zancen kaza ba, ba ta kuma ɗaga mayafi ta ga ƙafa ba. Ta zauna ta zuba masa ido, ta daɗe. Can ta ce, "Ƙanena, me ke cinka?" Ya buɗe baki, hawaye suka riga magana. Ya ce tun da ya kwanta wani nauyi ya sauka a ƙirjinsa, ƙashi ya haɗe, nauyin bai ɗaga ba, har ya fara ganin da shi da babu duk ɗaya. Ta ce wannan ma ciwo ne, yana da masu maganinsa, kuma tare za su je. Ba ranar ya warke ba, amma ranar aka fara jinyarsa.

Ki koma gida, ki ɗan ajiye zancen magani, ki zauna ki dube shi. Hausawa suka ce, labarin zuciya a tambayi fuska.