Fitilar Ɗakin Bincike

Ko sallama ban yi ba, na banka ƙofar ɗakin bincikensu na jami'a. Duhu dunɗum! Ga wanda zan aura da wata doguwa, sun haɗa kai a kan na'ura.

Na kunna fitila. Doguwar ta dafe kai.

"Haba ƙanwata, aiki muke," in ji shi. "Ita ke renon ƙwayoyin halittar zuciyar ɓera, ni kuma ɗan fiziks, ni nake auna bugunsu. Haske ɓata awon yake."

"Awon ne sai kumatu ya taɓa kumatu?"

Ya kalle ni kamar zai lallashe ni, sai ya juya wajenta, murya ƙasa-ƙasa: "Yi haƙuri, za mu sake."

Ita ya ba haƙuri, jama'a!

Na ce, "Faɗa wa kawunka kar ya wahalar da ƙafarsa zuwa gidanmu neman maka aurena."