Motar Da Aka Ƙara Wa Ƙafa

Zauna tukuna, Haladu, tun da shawara ka zo nema, bari in ba ka misali, sai ka auna da kanka.

An yi wani mutum, ɗan ƙauye ne da aiki ya zaunar a birni. Yana da wata jar mota mai ƙofa biyu, irin gajerun nan da cikinsu ke kusan shafar ƙasa. In ta hau kwalta sai ka ce ruwa ne ke gangara. Shi kuwa mahaifiyarsa tana can ƙauye da ciwon kumburi, lokaci-lokaci sai an kawo ta asibiti. Hanyar garinsu ba ta san kwalta ba, daga rami sai yashi, in damina ta sauka kuma sai taɓo. Duk ranar zuwa asibiti, a amalanken shanu ake kawo tsohuwar zuwa bakin titi, ko ta bi akori-kurar 'yan kasuwa, shi yana tsaye yana jira jikin motarsa. Abin yana cin ransa. Da ya sayar da ita, da ya sayi tsohuwar akori-kura har ya sami ragowa. Amma in ya dubi jan fentin nan da hantsi, sai zuciyarsa ta ƙi. Sai ya ce ai akwai dabara, zai mai da ita ta gida da ta daji. Ya kai ta gareji. Aka cire siraran tayoyinta, aka sa manya masu ƙaya. Aka canja sifirin da ke riƙe nauyinta, aka cusa ƙarafa ƙarƙashinsa don ta ɗaga, aka ɗaure salansa sama kada ya bugi dutse. Ta fito tana taƙama kamar zakaran da aka sa wa takalmi. Ya ɗauke ta shi kaɗai ya bi hanyar burji, ya shiga rami ya fita, ya keta yashi, ba abin da ya taɓa cikinta. Tsakanin taya da bakin ƙarfen da ke samanta bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma da yake mutum ɗaya ta ɗauka, tazarar ta isa.

Ana tsakiyar marka ciwon ya tashi. Aka kira shi a waya aka ce ga motar kasuwa za ta fita da safe, za a sa Inna a ciki. Ya ce a'a, kada a wahalar da ita cikin buhuna da awaki, shi da kansa zai zo har ƙofar gida. Motar kasuwa ta tafi. Ya iso wajen azahar, yara na biye da shi suna shewa. To, ka san mu, mara lafiya ba ya tafiya asibiti shi kaɗai. Aka kwantar da kujerar gaba aka lallaɓa aka shigar da tsohuwar baya. Gwoggonsa ta shiga don jinya, ta ɗora kan mara lafiyar a cinya. Ƙanensa ya zauna gaba. Aka kawo tabarmi, tukunya, buta, rabin buhun gero, da ƙullin gawayi, aka danna a bayan mota har murfin ya ƙi rufuwa sai da igiya. Yana kallo motar tana zama a hankali kamar raƙumin da ake durƙusarwa. Wa zai ce wa gwoggonsa ta sauka? Wa zai ce a bar abincin mai jinya?

Ba su yi nisa ba ya fara jin gurzawa daga baya, sai kuma warin roba. Kowane rami suka faɗa, ƙarfen nan sai ya sauko ya yanki taya. Ya rage gudu, ya yi ta addu'a a zuci. A gangaren wani rafi tayar baya ta fashe. Ya sauke kaya cikin yayyafi ya ciro tayar safaya, sai ga tsohuwar siririyar nan, don manyan ba sa shiga ma'ajiyarta. Ya ɗaura ta haka nan. Motar ta karkace, ta ɗan ja, sannan siririyar ta nutse cikin taɓo, cikin motar ya zauna daram. Suka tura, suka tona da hannu, suka sa reshe da duwatsu, taya sai juyawa take tana watsa musu laka. Tsohuwar, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba don shi ne ɗan fari, ta ɗaga ido ta ce, "Kai wannan, ƙyale ta haka. Zo ka zauna kusa da ni." Ya zo ya zauna, hannuwansa duk taɓo. Ƙanen ya koma gari da gudu neman amalanke. Kafin shanu su iso, gwoggo ta ja mayafi ta rufe mata fuska. Amalanken da aka ɗauko don asibiti, gida ya juya da ita.

Bayan an share makoki aka jawo motar zuwa birni. A kwalta yanzu rawa take, in an taka ta sai ta riƙa neman kifewa, tayoyin suna kuka kamar injin niƙa. Masu son irinta suka duba suka ce an ɓata ta. Mutanen ƙauye kuwa sun riga sun ga iyakarta. Tana nan a bayan gareji, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta, shi kuma ko ta layin ba ya bi. Shi ya sa Hausawa suka ce, taura biyu ba ta taunuwa.