Ranar da Baba Ya Sake Riƙe Sitiyari

Ina 'yar shekara tara Baba ya ce in raka shi shagon wasan bidiyo da ke bayan Gare, wato tashar jirgin ƙasa. Ya daɗe yana jan taksi tsakanin Parakou da Djougou kafin ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun hagu. Labari ya ji cewa an kawo wasan tseren mota mai sitiyari da birki kamar na gaske.

Bayan la'asar muka isa. Samari suka tashi suka ba shi kujera. Ya shafa sitiyarin, ya yi bisimilla kamar zai ɗauki hanya. Da motar ta hau tsakuwa a allon, sai sitiyarin ya fara karkarwa yana fizgewa, hannu ɗaya ya kasa riƙe shi. Motar ta daki katanga. Ya sake gwadawa, ta sake daka.

"Mamana," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa na ci, "riƙe min ɓangaren nan."

Na kama da hannu biyu. Robar da ɗumi, tana warin zufar mutane. Na ja iya ƙarfina, amma ban san lokacin juyawa ba. Yana yin dama, ina yin hagu. Muka sake kifewa.

Ya zare hannuwana a hankali. "Ya isa haka. Kin yi ƙoƙari."

Ya ƙi hawa zem, wato acaɓa, muka taka har unguwarmu Guéma, yana jan ƙafa ina rage sauri.