Jarkar Duba-gari

Tun da ka ce gobe za ka je asibiti a duba ka, zauna in ba ka misalin wani manomi. Yana da rijiya a tsakar gidansa, wadda ya gada daga mahaifinsa, kuma rabin unguwa a nan suke ɗiban ruwa. Wata damina amai da gudawa suka kama yaran ƙauyen. Aka aiko duba-gari daga birni ya ɗebi ruwan kududdufi da na rijiyoyi. Ya bayyana wa mutane cewa akwai ƙwayoyin cuta masu kama hanji, waɗanda ke fita cikin bayan gida su bi ruwa. Ido ba ya ganinsu, harshe ba ya jin su. Ko a teku, in ji shi, ana samunsu inda magudanar gari ke zuba. Sai an tace ruwa mai yawa a ɗakin gwaje-gwaje kafin a gane su, shi ya sa ya zo da jarkoki maimakon kwalabe.

Da ya iso gidan manomin, ya tsaya a zaure, don baƙon namiji ba ya shiga cikin gida. Ya miƙa wa maigida jarka ya cika masa. Maigida ya ja guga ɗaya, ya ga ruwan ya yi ja-ja saboda ruwan saman da aka yi, ga shi masai bai fi taku kaɗan daga bakin rijiyar ba. Kunya ta kama shi. Ruwan da zai tafi birni da sunan gidansa, manya su ɗaga shi su duba, yaya zai tafi haka? Uwargidansa ma ta ce ba a ba baƙo irin wannan. Sai ya buɗe randar da suke tara ruwan sama daga kwano domin baƙi, ya cika jarkar da shi, garau kamar hawaye. Ba mugunta ya nufa ba. Yadda mutum ke sa rigarsa mai kyau ranar zuwa gari, haka ya yi wa rijiyarsa.

Sakamako ya dawo: ruwan gidan manomi lafiya lau. Aka kewaye kududdufi da ƙaya, aka umarci kowa ya koma rijiyar manomin. Ya ji daɗin yabon, ya ɓoye abin da ya yi. Layin tuluna ya kai har waje, ciwo kuwa ya ƙaru. Cikin waɗanda suka kwanta har da jikarsa da aka yaye a bana, wadda ke barci a bayansa in yana gyaran fartanya. Ba ta tashi ba.

Bayan sadakar uku duba-gari ya dawo, don ya rasa gane inda cutar ke fitowa. Manomin ya tarye shi a zaure, ya kama hannunsa, ya ratsa da shi ta gaban mata har bakin rijiya, ya ba shi guga.

Ya ce, "Malam, ja da hannunka."

A wannan ruwan aka sami ƙwayar. Aka rufe rijiyar, ciwon ya lafa.

To, in ka shiga wajen likita gobe, kada ka kai masa ruwan randa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.