Jirgin da Ya Watsa Geron Kaka

Takardar na shigowa wayata na haye babur daga Gusau, ban tsaya ba sai Nahuce. Wata takwas ina neman bayanan aikin marigayi kakana, matuƙin jirgin soja a lokacin yaƙin basasa. Yau ga su a hannuna!

“Kaka, na samo fayil ɗin mijinki! Ashe har horo aka taɓa yi masa!”

Ta ajiye carbi. “Laifin mi?”

Na karanta mata: ya saki hanya, ya yi ƙasa-ƙasa da jirgi a kan masussukar Nahuce, wai don ya hango wata budurwa.

Duk jikokin Kaka mun haddace labarin jirgin da ya watsa mata gero tana shiƙa, shekara guda kafin aurensu. Kullum da “Allah ya isa” take rufe shi.

“Ashe shi na!” Ta tafa hannu, ga dariya ga hawaye. “Shekara hamsin ina kai ƙararshi wurin Allah, yana gefena yana cewa amin!”

Ta ɗaga kai sama.

“Ja'iri. Na yafe maka geron.”